Laftof Lafiya Lau, Amma Windows Ta Ƙi Shiga: Tarihin Direban Hoto

Saƙon gajere ne, kuma shekara da shekaru lafazinsa kawai ake sauyawa. Mutum ya zauna zai ɗora sabuwar Windows a laftof ɗinsa, an kwashe sa'o'i ana sauke fayiloli, data ta tafi, sai can a ƙarshe allo ya sanar da shi cewa ba za a ci gaba ba: direban hoton da ke cikin wannan kwamfuta ya tsufa, a tuntuɓi kamfanin da ya ƙera ta. Ya je shafin kamfanin, ya tarar direba mafi sabunta da ke can ya girmi ɗansa da ke firamare. Kwamfutar kuwa babu abin da ya same ta. Tana kunnuwa, tana rubutu, tana nuna bidiyo, batirinta ma wataƙila bai gaji ba.

Wannan ƙofa da aka rufe tana da tarihi. Ya faro ne daga wata shawara da aka yanke a 1996 don neman sauri, ya bi ta kan wata sitika da aka liƙa wa ɗimbin kwamfutoci a 2006, ya shiga kotun tarayya a birnin Siyatil na Amurka, inda wasiƙun cikin gida na manyan ma'aikatan Microsoft suka fito fili. Wanda ya bi sawunsa zai ga wanda yake yanke wa laftof wa'adi, zai kuma ga dalilin da ya sa Microsoft, kamfanin da ya fi kowa son ka ɗora sabuwar manhajarsa, yake tsayawa da kansa ya hana ka.

Kalmar direba tana ɗan ruɗarwa, domin a kunnen Bahaushe direba shi ne mai riƙe da sitiyari. Direban kwamfuta ya fi kama da tafinta. Babbar manhaja, wato Windows, yare ɗaya take yi: a zana taga a nan, a shafa wannan launi a can, a motsa wannan hoto. Cif ɗin hoto kuwa, ɗan guntun da ke juya lissafi ya zama abin da ido ke gani a allo, kowane kamfani da yaren da ya koya wa nasa. Na Intel daban, na Nvidia daban, na ATI da AMD ya saye a 2006 daban. Direba shi ne ƙaramar manhajar da ke tsaye a tsakani tana fassara. Abin lura a nan shi ne, ba Microsoft ne ke rubuta shi ba. Mai cif ɗin ne yake rubutawa, shi yake biyan injiniyoyin, shi kuma yake yanke ranar da zai daina.

Tafinta a ƙuryar ɗaki

Babbar manhaja ta zamani tana da tsari irin na gidan gargajiya. Akwai zaure da tsakar gida, inda manhajojin yau da kullum ke kai-kawo. Idan ɗaya ta faɗi, sai a ɗauke ta, gida ya ci gaba da harkarsa. Akwai kuma ƙuryar ɗaki, wadda injiniyoyi ke kira kanel, inda ake riƙe da makullan komai. Duk wanda aka shigar ƙurya ana ba shi amana cikakkiya, kuma tuntuɓensa ɗaya yana iya kayar da gidan gaba ɗaya.

Lokacin da tawagar Dave Cutler ta fitar da Windows NT ta farko a 1993, yawancin aikin zana tagogi da hotuna a waje aka ajiye shi. Tsarin yana da aminci, sai dai a kan kwamfutocin wancan zamani yana da nawa, domin kowane ɗan zane sai an yi ta aike tsakanin waje da ƙurya. A 1996, da fitowar NT 4.0, Microsoft ya kwashe sashen zane ya shigar da shi ƙurya, tare da direbobin hoto na wasu kamfanoni. Sauri ya samu. Abin da aka bayar a madadinsa shi ne, daga ranar, kuskuren wani injiniya a kamfanin da Microsoft ba shi da iko a kansa yana iya daskarar da kwamfuta ɗungurungum, ya bar mai ita da shuɗin allon nan da kowa ya tsana.

Muddin NT tana ofisoshi, abin da sauƙi. A Oktoban 2001 Windows XP ta kai wannan tsari gidajen mutane, inda ake wasannin kwamfuta masu matse cif ɗin hoto har ya yi zafi. XP ta kuma zo da wata dabara: idan kwamfuta ta faɗi, tana neman izinin aika rahoto zuwa Microsoft. Da rahotanni suka taru, kamfanin ya bayyana cewa direbobin hoto ne ke haddasa har kashi 20 cikin 100 na shuɗin allo a zamanin XP. Mai kwamfuta dai bai san wani direba ba. Sunan Windows yake gani, ita yake zagi.

A ɗaya ɓangaren ga Apple, wanda tun 2002 ya fara ɗora wa cif ɗin hoto aikin haɗa tagogin allo a manhajarsa ta Mac OS X, abin da ya ba ta sulɓi da ƙyallin da XP ba ta da shi. Microsoft yana son irin wannan a manhajarsa mai zuwa, wadda aka yi wa laƙabi da Longhorn kafin ta zama Vista. Hakan ba zai yiwu da tsofaffin direbobi ba, domin an gina su ne bisa tunanin cewa manhaja ɗaya ce za ta mallaki cif ɗin a lokaci guda.

Sai aka rubuta sabuwar ƙa'ida, WDDM. A ƙarƙashinta babban kaso na direba ya koma tsakar gida, ɗan ƙaramin sashe kawai aka bari a ƙurya. Windows da kanta ta karɓi aikin raba lokacin cif ɗin da ma'adanarsa tsakanin manhajoji, kamar yadda take raba na babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan kuma cif ɗin ya yi shiru na daƙiƙa 2 bai amsa ba, sai ta tashe shi daga farko: allo ya yi duhu na ɗan lokaci, ya dawo, aikin mutum yana nan. Ta fuskar injiniyanci gyara ne mai kyau, kuma a kansa Windows take tafiya har yau. Amma ma'anarsa ita ce kowane kamfanin cif sai ya sake rubuta tafintansa daga tushe, kuma akwai cif ɗin da ba zai taɓa iya koyon sabon yaren ba.

Lamba 915

A wancan lokaci babu wanda ya kai Intel sayar da cif ɗin hoto, ba don nasa ya fi kyau ba, sai don yana zuwa a haɗe da sauran kayan cikin kwamfuta, a farashi mai rahusa. Samfurin da ake kira 915, wanda ya fito a 2004 kuma ya shiga laftof a farkon 2005, yana cikin kwamfutoci masu yawan gaske. Shi ne kuma ba shi da direban WDDM. Bayanin Intel shi ne an kammala zanen cif ɗin kafin sabuwar ƙa'idar ta kankama, kuma ginin nasa ba zai ɗauke ta ba. Magajinsa, 945, yana iya ɗauka.

Ga inda kasuwa ta shigo. Vista ta yi ta jinkiri. A Maris 2006 aka sanar cewa ba za ta isa hannun jama'a ba sai Janairun 2007, wato bayan kakar cinikin Kirsimeti, lokacin da masu sayar da kwamfuta ke cin kasuwar shekara. Tsoron kowa shi ne mutane su riƙe kuɗinsu su jira. Maganin da aka tanada shi ne sitika: a sayar da kwamfuta da XP a ciki, a liƙa mata alamar "Windows Vista Capable", ma'ana za ta iya ɗaukar Vista idan ta fito. A tsarin farko, sharaɗin samun sitikar ya haɗa da direban WDDM. Da an tsaya a haka, duk kwamfutar da ke ɗauke da 915 za ta zauna a kanta babu sitika, kusa da wadda ke da ita, kuma mai saye ya san wadda zai ɗauka.

Intel ya nuna damuwarsa, har zuwa matakin shugabansa Paul Otellini. A ƙarshen Janairun 2006 Microsoft ya janye sharaɗin. Aka raba alamar gida biyu: mai cewa kwamfuta "za ta iya", wadda ta wadatu da ma'adanar ram ta megabayit 512, da wata mai suna "Premium Ready" mai buƙatar ninkin haka tare da direban WDDM. Wadda ta samu ta farko kaɗai za ta iya ɗaukar Vista Home Basic, samfurin da babu Aero a cikinsa, wato tagogin nan masu kama da gilashi da aka cika tallace-tallace da su. Mai saye a kanti, wanda ya ga tambarin Vista a jikin kwamfuta, ba shi da dalilin sanin wannan bambanci.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba ko a cikin gidan. Jim Allchin, wanda ke jagorantar sashen Windows, ya rubuta cewa ransa ya ɓaci matuƙa da yadda aka tafiyar da lamarin. Kamfanin HP ya fi kowa fusata, domin ya riga ya kashe kuɗi ya sauya kayan cikin kwamfutocinsa masu araha don su cika sharaɗin farko, yana sa ran zai sha gaban abokan hamayya. Wani babban jami'insa, Richard Walker, ya rubuta wa Microsoft cewa an zubar da amincin da ke tsakaninsu. Wanda ya bi doka shi ya yi asara.

Duk wannan da ya zauna a akwatunan imel, ba don ƙarar da wata mata daga jihar Washinton ta shigar a Maris 2007 ba, wata biyu bayan fitowar Vista. Hujjarta ita ce an sayar mata da kwamfuta da alƙawarin Vista, alhali abin da za ta iya ɗauka ba shi ne Vistar da aka tallata ba. A Fabrairun 2008 Mai shari'a Marsha Pechman ta amince ƙarar ta zama ta gama-gari a madadin duk masu irin wannan koke, aka kuma buɗe wasiƙun. A cikinsu ne aka ga wani manaja, John Kalkman, yana bayyana cewa an sassauta sharaɗin ne don a taimaka wa Intel ya cimma ribar da ya yi hasashe a wannan zango, ya ci gaba da sayar da kayansa masu 915. Wadda ta fi yawo a jaridu ita ce ta Mike Nash, mataimakin shugaba a sashen Windows ɗin kansa, wanda ya sayi laftof ta Sony da kuɗin aljihunsa bisa dogaro da sitikar. Ya rubuta wa abokan aikinsa cewa yanzu abin da yake da shi na'urar duba imel ce ta dala 2,100. Idan mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, ina ga wanda ya shigo kanti daga titi?

Bayan shekara guda, a Fabrairun 2009, alƙaliyar ta janye matsayin gama-garin, ta ce kowane mai ƙara sai ya nuna tasa asarar. Microsoft ya tsira daga biyan diyya mai yawa. Wasiƙun dai sun riga sun fita.

Takardun kotun sun fito da wani abu kuma, wanda a ganina ya fi wasiƙun bayyana abin da ya biyo baya. Jadawali ne na faɗuwar Vista fiye da miliyan ɗaya da rabi da aka tattara a wani tsakani na 2007, an kasa su bisa wanda ya jawo. Direbobin Nvidia ne a sama da kusan kashi 29 cikin 100. Na Microsoft kansa kusan kashi 18, ATI da Intel kowanne wajen kashi 9. Sababbin direbobin da aka rubuta cikin gaggawa ba su nuna ba aka sauke su. Wato Vista ta sha duka ta fuska biyu: inda babu sabon direba, mutane sun ga an yaudare su, inda akwai shi, kwamfuta tana faɗuwa. Sunanta bai sake farfaɗowa ba, ko da direbobin suka gyaru daga baya. Windows 7, wadda ta fito a Oktoban 2009 kowa yana yabo, a kan wannan tsarin na WDDM ta zauna, bayan an ba shi shekara uku ya nuna.

Abin da ya sa laftof ta fi shan wahala

Vista da Windows 7 sun bar ƙofar baya a buɗe: tsohon direba irin na XP yana iya aiki, Aero kawai za a rasa. Windows 8 ce ta toshe wannan ƙofa a Oktoban 2012. Daga nan, cif ɗin da ba shi da direban WDDM sai dai ya koma kan wani direban gama-gari da Microsoft ya tanada don kada allo ya mutu. Yana nuna hoto, amma babbar ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukar nauyin zanen, kuma a laftof yawanci ana rasa maɓallan rage haske, da haɗawa da allo na biyu, da sa kwamfuta barci.

Mai kwamfutar tebur yana da mafita: ya buɗe akwati, ya zare katin hoto, ya sa wani. A laftof cif ɗin a like yake da dalma, ko ma yana cikin babbar ƙwaƙwalwar kanta. Sannan akwai mutum na uku a tsakani. Kamfanin da ya haɗa laftof ɗin, Dell ne ko HP ko Toshiba, yakan karɓi direba daga mai cif ya yi masa kwaskwarima don ya dace da allonsa, da maɓallansa, da yadda yake tattalin batir. Shekaru da yawa, direban da ke shafin mai cif yakan ƙi shiga irin wannan laftof, ya ce a koma wurin wanda ya ƙera ta. Shi kuwa wanda ya ƙera ta ya karɓi kuɗinsa tun ranar ciniki. Duk direban da zai sake gwadawa bayan nan kashe kuɗi ne a kan samfurin da ya daina sayarwa, kuma sabon samfuri yana jiran injiniyoyin. Ba sai an zargi kowa da mugunta ba kafin a gane inda wannan lissafi zai ƙare.

Mafi wuya su ne laftof masu cif biyu, ɗaya mai tattalin batir, ɗaya mai ƙarfi, waɗanda ake sauyawa tsakaninsu. A samfuran farko, irin wasu VAIO na Sony masu ɗan maɓallin sauyawa a jiki, direban haɗin gambiza ne na kamfanoni biyu da mai laftof ya ɗinke da hannunsa. Babu wanda zai iya sabunta shi sai shi. Sony kuwa ya sayar da sashen VAIO a 2014. Da Windows 10 ta fito a shekarar da ta biyo, sai da ya roƙi masu VAIO su dakata, kada su ɗora, har sai ya shirya direbobi can wajen ƙarshen shekara.

An ɗan sassauta wannan ƙulli a hankali. Nvidia ya fara bai wa masu laftof direba kai tsaye daga ƙarshen 2008. Intel bai buɗe nasa sosai ba sai a 2020, kuma ga cif na ƙarni na shida zuwa sama kawai.

Daga barin kowa ya shiga zuwa tsaron ƙofa

Windows 10 ta zo ranar 29 ga Yuli, 2015, da alƙawari mai daɗin ji. Kyauta ce na shekara guda ga masu Windows 7 da 8.1, kuma za a yi ta sabunta ta muddin na'urar tana cikin wa'adin da ake tallafa mata. Mutane ƙalilan ne suka tsaya tambayar wa ke yanke wannan wa'adi. Amsar ta zo a 2017.

Akwai wani rukunin ƙananan kwamfutoci masu allon taɓawa, rabi laftof rabi tablet, da aka sayar a 2012 da 2013 da Windows 8 a ciki: HP Envy x2, Dell Latitude 10, Acer Iconia W510 da makamantansu. Ƙwaƙwalwarsu Atom ce ta Intel, samfurin Clover Trail. Masu su sun karɓi tayin Windows 10, wanda Microsoft ya yi ta tura musu ba dare ba rana. Da sabuntawar bazarar 2017 ta zo, sai suka ga saƙo cewa Windows 10 ba ta aiki a wannan kwamfuta kuma. Dalilin direban hoto ne. Sashen hoton Clover Trail ba na Intel ba ne. Hayarsa ya yi daga kamfanin Imagination Technologies na Birtaniya, masu fasahar PowerVR. Intel ya riga ya daina tallafa wa samfurin, kuma idan aka tilasta sabuwar Windows a kan tsohon direban, rubutu da gumakan allo sukan ɓace ko su koma dunƙulen launi. Na'urorin da ba su wuce shekara huɗu ko biyar ba suka tsaya cak.

Abin takaicin shi ne, da masu su sun yi kunnen uwar shegu da tayin kyautar sun zauna a Windows 8.1, da suna da sabuntawar tsaro har Janairun 2023. Bayan 'yan jarida sun yi ca, Microsoft ya amince zai ci gaba da aika wa waɗannan na'urori gyaran tsaro a kan tsohon samfurin Windows 10 na 2016 har zuwa wannan wata na Janairun 2023. Sabon direba dai ba a rubuta ba.

A nan ne ake ganin darasin da kamfanin ya ɗauka daga Vista. A 2006 ya sassauta sharaɗi don kowa ya shiga, ya kwashi kunya. Yanzu da yake sabunta Windows a kai a kai, yana kuma karɓar rahoto daga ɗaruruwan miliyoyin kwamfutoci, ya koma tsaron ƙofa. Idan rahotanni suka nuna wani direba yana faɗuwa a sabon samfuri, sai a sa shi a jerin waɗanda za a dakatar, duk kwamfutar da ke ɗauke da shi a hana ta sabuntawa. Haka aka yi a Mayun 2020, lokacin da aka tsayar da kwamfutoci masu direban Nvidia da lambarsa ta gaza 358.00. Direbobi masu lamba 358 a ƙarshen 2015 suka fito. Wato akwai mutane da yawa da ke tafe da tafintan da ba a taɓa shi ba kusan shekara biyar, galibi ba tare da sun sani ba.

Ni dai ina ganin tsayarwar ta fi barin mutum ya shiga ya tarar da baƙin allo. Inda take da aibi shi ne lafazinta, domin saƙo ɗaya ake nuna wa mutanen da halinsu ya sha bamban. Wani direbansa ya tsufa ne kawai, sabo yana nan, minti goma ya ishe shi. Wani sabon yana nan a wurin mai cif, amma kwaskwarimar mai laftof ta tsaya a tsakani, sai ya cire tsohon gaba ɗaya kafin sabon ya shiga, wani lokaci ya rasa wani maɓalli a hanya. Wani kuma babu sabon a duniya, ba kuma za a yi ba. Dukansu ana ce musu su tuntuɓi kamfanin da ya ƙera kwamfutar, kamar akwai wanda ke zaune a can yana jiran kiransu.

Wannan rukuni na ƙarshe ya shafe mu fiye da yadda ya shafi waɗanda aka rubuta saƙon dominsu. Da yawa daga cikin laftof ɗin da ake sayarwa a Layin Beirut na Kano ko Computer Village ta Ikeja sun gama rayuwarsu ta farko a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso. Injina ne masu ƙwari, irin ThinkPad T420 da Latitude E6420 da EliteBook 8460p na 2011. Sashen hoton Intel da ke cikinsu, HD Graphics 3000, ba ya cikin waɗanda Intel ya yi wa direban Windows 10 a hukumance. Da na zamanin Windows 8 suke lallaɓawa, kuma sau da yawa yana yi. Mai gyara yakan kauce wa binciken ƙofa ta hanyar goge komai ya ɗora Windows sabuwa fil daga filashi. Idan aka yi sa'a, shi ke nan. Idan ba a yi ba, mai saye sai ya isa gida zai lura hasken allo ya ƙi raguwa, ko majigi ya ƙi kamawa ranar da zai gabatar da aikinsa a makaranta. Wa'adin tallafin ya ƙare tun kwamfutar tana wata nahiya.

Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, ta mayar da tsaron ƙofar doka a rubuce. Tana buƙatar direba na WDDM 2.0 zuwa sama, da cif ɗin tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar da a ɓangaren Intel galibi ba ta gaza ƙarni na takwas ba. Sharaɗin ƙwaƙwalwar ya fi na hoton tsauri, shi ya sa ba a cika jin kukan direba a wannan karon ba. An tare mutane tun kafin su iso wurinsa. Ranar da aka sa wa Windows 10 ta daina samun tallafi na yau da kullum kuwa ita ce 14 ga Oktoba, 2025.

Akwai wata hanyar da aka bi a wani wuri, wadda ke nuna cewa tsufan cif da mutuwar direbansa ba dole ne su zo tare ba. A manhajar Linux, yawancin direbobi a cikin kanel ɗin kansa ake ajiye su, rubutunsu a buɗe, kuma duk wanda ya sauya wata ƙa'ida a ciki ana sa ran ya gyara direbobin da sauyin ya taɓa. Wannan ma yana da iyaka: inda mai cif ya ɓoye bayanan gininsa, masu sa kai ba su da abin kamawa. Shi ya sa cif ɗin Intel masu PowerVR suka sha wahala a can ma, kuma tun 2012 Intel ya ce Clover Trail ba don Linux aka yi shi ba. Amma nasa na gida, wanda ya buɗe rubutun direbansa, labarinsa daban ne. Direban da ya yi shekaru yana tafiyar da hoton Intel a Linux, daga tsofaffin laftof na zamanin XP har zuwa ƙarnoni da yawa da suka biyo baya, sunansa i915, sunan cif ɗin nan da ya kai Microsoft kotu.